Ƙato Bayan Ƙato a Bakin Tafkin Kanya

Shekarar da Sarki Zaki ya gaji da sauraron ƙararraki, ya yanka dajinsa jiha-jiha, ya ce kowace jiha ta zaɓi gwamnanta a bar shi ya yi barcinsa, ba wanda ya kai dabbobin Jihar Fadamar Kanya murna. Suka taru suka zaɓi wani toron giwa mai suna Gagarau, domin duk taron da ya tsaya ana hango shi, kuma muryarsa ba ta bukatar lasifika.

A faɗi gaskiya, Gwamna Gagarau ba malalaci ba ne. Yana hawa kujera ya dubi Tafkin Kanya, wanda shi kaɗai ne ruwan da ba ya ƙafewa da bazara a duk jihar, ya ce wannan tafki abin kunya ne a idon baƙi. Da can bakinsa gangare ne, kowa ya tako ya sha, daga giwa har ɓera, sai dai ruwan yakan yi laka. Aka yashe shi, aka zurfafa shi, aka ɗaga gaɓarsa ta miƙe sak kamar bangon rumbu, sannan aka yi matakala mai sauka har ruwa. Da aka zo auna tsayin matakalar, ƙafar Gwamna aka auna.

Ruwa ya yi garau, wannan kam ba musu. Ɓauna da gwanki da raƙumin dawa suna sauka suna sha suna sa wa Gwamna albarka. Amma duk wanda tsayinsa bai kai gwiwar ɓauna ba, sai dai ya leƙa daga sama ya ga fuskarsa a ruwa ya koma gida. Wani kunkuru da ya yi ƙarfin hali ya mirgina ƙasa ranar buɗe aikin, har yau yana can, sai dai ya aiko da gaisuwa.

Cikin masu leƙen akwai wata bushiya mai suna Tasalla, uwar 'ya'ya uku, mace mai tsiwa da ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Tun da aka gyara tafkin, da damina suke shan ruwan kududdufi, da rani kuma su lashi raɓa a kan ciyawa da sassafe. Bana bazara ta zo da zafin da ya ƙone ciyawar, raɓar ma ta yi ƙaura. Autanta ya daina wasa, ko an taɓa shi ba ya iya dunƙulewa, sai ya kwanta yana kallonta da baki buɗe. Tsoro ya kama Tasalla ƙwarai. Abin da take nema a duniya bai wuce wurin da ɗanta zai kai bakinsa ga ruwa ba.

Ana cikin haka wa'adin Gwamna ya zo ƙarshe, ya ce yana neman tazarce. Jam'iyya ɗaya ce mai ƙarfi a jihar, Jam'iyyar Haƙori da Kofato, saboda haka duk wanda ya ci zaɓen fitar da gwani ya riga ya ci gwamna. Sai aka fara jin wani sabon abu wai shi jin ra'ayin jama'a. Wata belbela ce ta kawo shi, Dakta Hansai, wadda ta yi karatu a ƙetaren kogi ta dawo da tabarau. Kullum safiya ma'aikatanta farare fat za su watsu cikin daji, kowace ta sauka a bayan dabba, ta fara cire mata kaska, in ta ga ta lumshe ido don daɗi sai ta raɗa mata: "Ranki ya daɗe, wa za ki zaɓa?" Da yamma su dawo su haɗa amsoshi, Dakta ta fitar da sakamako.

Tasalla ta ji labari, ta ce ashe yanzu ana tambayar talaka abin da ke ransa. Ta jira a zo gidanta, shiru. Ta tambayi gafiya da kurege da zomo, ba wanda aka taɓa tambaya. Sai ta ɗaura niyya ta tafi har gindin gawon da Dakta take ofis.

"Ranki ya daɗe, na zo a ji ra'ayina."

Dakta Hansai ta leƙo ta saman tabarau, ta duba hagu, ta duba dama, sannan ta duba ƙasa. "Au, Inna, ke ce a nan? Sannu da zuwa. Ai ba zuwa ake yi ba, mu ne muke zuwa."

"To ga shi ba ku zo ba."

"Aikinmu na kimiyya ne, Inna, yana da ƙa'ida. Sai mai kaska ake tambaya, domin lokacin cire kaska ne dabba take faɗin gaskiyar zuciyarta."

"Kaska? Dakta, ni da kaska ai sai dai in ba wani aro. Zo ki gani."

Dakta mace ce mai son a ce ta yi adalci. Ta buɗe fiffike, ta yi shawagi, ta sauko a hankali ta ɗora ƙafa ɗaya a bayan Tasalla. Ƙarar da ta yi har tsuntsayen da ke kan gawon suka watse. Ta koma reshe tana ɗingishi tana hura ƙafa.

"Kin gani ko, Inna? Ba wurin sauka. Ra'ayin da ba a iya sauka a kansa ba, kimiyya ba ta san da shi ba."

"To ɓera fa? Shi ba shi da ƙaya."

"Ɓera bayansa bai kai tafin ƙafata ba. Ki yi haƙuri, Inna, ai manyanku suna magana da yawunku."

Tasalla ta juya tana ƙunƙuni. Ta zo da maganar ruwa cike da bakinta, ta koma da ita ba wanda ya karɓa.

Ranar da sakamako ya fito, Gwamna ya kira majalisar zartarwa a ƙarƙashin babbar kuka. Dakta ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta gyara murya.

"Mai girma Gwamna, bincikenmu ya nuna kashi casa'in da tara cikin ɗari na al'ummar wannan jiha suna tare da kai."

Aka ɗauki tafi da kofato. Gwamna ya kaɗa kunne, amma bai yi dariya ba. "Ɗayan fa? Wane ne?"

"Wani tsohon ɓauna ne, ranka ya daɗe. Barci ya kwashe shi kafin ya amsa."

"A tashe shi a ba shi muƙami," in ji Gwamna. Sannan ya juya ga Kwamishinan Ruwa. "Ina jin ƙishin-ƙishin wai akwai masu kukan ƙishirwa. Gaskiya ne?"

Kwamishinan Ruwa raƙumi ne. Ya daina tuƙa, ya yi tunani mai zurfi. "Ranka ya daɗe, farfagandar 'yan adawa ce. Ni nan rabona da shan ruwa tun watan jiya, kuma ga ni garau. Duk mai kukan ƙishi rashin tsari ne ke damunsa."

Sai Ciyaman na jam'iyya ya miƙe. Dila ne, sunansa Makau, ya ga zaɓe iri-iri, kuma bai taɓa barin ko ɗaya ya faru da kansa ba. "Mai girma, shawarata mu yi yadda muka saba. A tara daliget, a kulle su a kogo da abinci mai kyau, washegari su fito su zaɓe ka. Ba hayaniya, ba rana."

"Ciyaman, ba ka ji Dakta ba ne?" Gwamna ya ɗaga hanci sama. "Mai kashi casa'in da tara yana ɓuya a kogo? Ina so duniya ta gani da idonta. Ƙato bayan ƙato za a yi. Kowane ɗan jam'iyya ya fito ya tsaya a bayan wanda yake so, a ƙirga. Kuma a bakin tafki za a yi, ni a kan matakala, domin duk wanda ya zo ya ga romon dimokuraɗiyya yana ƙyalli."

"Ranka ya daɗe, abin da ke damuna da layi shi ne ba ka san wanda zai shiga ba sai ya shiga."

"Ka tsufa, Makau."

Ciyaman ya zauna. Da aka tashi dai, ya aika a asirce zuwa jihar maƙwabta, ya gayyato garken giwaye su zo kallon zaɓe a matsayin manyan baƙi, don ko ta kwana.

Akwai abokin takara, domin jam'iyya ba ta son a ce ba a yi takara ba. Wani damo ne, Malam Nomau, tsohon kansila, wanda duk zaɓe sai ya tsaya, duk zaɓe sai ya faɗi, ya je ya taya wanda ya ci murna. Binciken Dakta ya ba shi sifiri, bai ji haushi ba. Tasalla ta same shi kwance a kan dutse yana shan hantsi.

"Malam, da gaske kake takarar nan ko ta ado ce?"

"To, Tasalla, ana dai taɓawa."

"In ka ci, me za ka yi mana?"

Nomau ya buɗe ido ɗaya. Tun da yake takara ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba. "Me kuke so?"

"Gangare. A fasa gefe ɗaya na gaɓar nan, a kwantar da shi yadda ɗan bushiya zai taka ya sha. Shi ke nan. Ba ma son muƙami, ba ma son buhun dawa."

"Wannan ai ni ma ina so," in ji Nomau a hankali. "Kin ga fatata? Da ba haka take ba. In dai gangare ne, na yi alkawari, kuma ba ni da wani alkawarin bayan shi."

Tasalla ta shiga rami ta fita rami. Ta faɗa wa gafiya, gafiya ta faɗa wa dangin mijinta, su kuwa ba su da iyaka. Kurege ya ɗauki unguwar tudu, zomo ya ɗauki ta kwari, ƙadangaru suka yi ta gyaɗa kai tun kafin a gama yi musu bayani. Ba fosta, ba kiɗa, ba gangami. Belbelun Dakta suna ta wucewa ta samansu zuwa bayan ɓauna, sakamako kuma yana ta ƙara kyau.

Ranar zaɓe rana ta fito da zafinta tun da hantsi. Gwamna ya tsaya a saman matakala an shafe shi da jar ƙasa, manyan dabbobi suka jeru a bayansa a bisa gaɓar tafki, suna bin ta yadda ta kewaya. Can gefe, a gindin wata 'yar ƙaya, aka nuna wa Nomau inda zai tsaya. Baturen zaɓe wani farfesa ne, mujiya, an ɗauko shi daga jami'a, yana zaune a kan kututture yana ta ƙifta ido don hasken ya yi masa yawa.

Sai ciyawa ta fara motsi. Tasalla ce a gaba da 'ya'yanta, autan goye a bayan yayarsa. Ta tsaya daf da wutsiyar Nomau. Bayanta gafiyoyi, bayansu kuregu, sai zomaye, sai ɓeraye iri-iri, na gida da na daji, sai ƙadangaru da tunku da jaɓa, har da wasu halittun da jam'iyya ba ta san tana da su ba. Layi ya wuce ƙayar, ya wuce kukar majalisa, ya haura tudu ya ɓace, kuma ba a daina fitowa ba. Nomau ya waiga sau ɗaya, ya ga abin da bai taɓa gani ba, idonsa ya kawo ruwa duk da ƙarancinsa a jikinsa.

Gwamna ya sunkuyo. "Dakta, waɗannan su wane ne?"

"Ranka ya daɗe, ba sa cikin bincike."

"Na ga ba sa cikin bincike. Suna cikin layi!"

Ciyaman Makau bai tsaya cewa ai na faɗa ba, ya san ranar faɗin haka tana nan tafe. Ya ruga wurin Farfesa suka yi ƙus-ƙus, sannan ya hau kututture.

"'Yan uwa 'yan jam'iyya! Saboda lalurar idon baturen zaɓe, kuma saboda wasu masu zaɓen sun yi ƙanƙanta da ƙirge, uwar jam'iyya ta yanke shawara ba kawuna za a ƙirga ba. Layin da ya fi tsawo shi ya ci!"

Manya suka yi shewa, kowa ya ja baya ya miƙe wuya da wutsiya. Tasalla ta juya ta ce a faɗa wa na baya kowa ya miƙe wutsiyarsa, na bayansa ya kama bakinta. Magana ta bi layi, layi ya ƙara tsawo har sai da na ƙarshe suka shiga wata ƙaramar hukumar. Ko mujiya da rana ya ga wanda ya fi.

"Makau," in ji Gwamna, muryarsa ta sauka, "yi wani abu."

"Manyan baƙinmu!" Ciyaman ya ɗaga murya. "Jam'iyya ta karɓe ku a matsayin 'ya'yanta tun jiya. Ku shigo layi!"

Giwayen jihar maƙwabta suka taso daga inuwa, ƙatti-ƙatti, ba wanda ya san ko sunan ɗan takarar. Aka jera su a bisa gaɓa, aka matsa, aka ƙara matsawa. Don a ƙarfafa musu gwiwa Ciyaman ya ba da waƙa: "Sai Gagarau! Sai ka yi takwas!" Suka amsa, suna buga ƙafa a ƙasa tare, dim, dim, dim.

Gaɓar nan kuwa, kamfanin da ya yi kwangilarta na gara ne, kuma itacen da aka ba su su tokare ta da shi tuni suka yi kalaci da shi. A bugu na ko nawa ne, ƙasa ta yi wani nishi. Sai gefen tafki guda ya zame gaba ɗaya, a hankali, ba gaggawa, ya tafi da Gwamna da Ciyaman da kwamishinoni da manyan baƙi, ya sauke su cikin ruwa tsamo-tsamo. Ba wanda ya ji ciwo, sai dai girma da ya zube. Raƙumi Kwamishinan Ruwa ya sha ruwan da bai yi niyya ba.

Da laka ta lafa, sai ga abin da ya rage a inda gaɓa take: gangare shimfiɗaɗɗe, mai laushi, tun daga gindin ƙayar da Nomau yake tsaye har bakin ruwa. Ko injiniya bai isa ya kwantar da shi haka ba.

Layin Nomau ya yi tsit. Iska ta kwaso ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta bi layin da shi.

Tasalla ta gane abin da zai faru tun kafin ya faru. Ta juya ta ɗaga murya iya ƙarfinta: "Kowa ya tsaya inda yake! A auna tukuna! Don Allah ku tsaya, yanzu za a auna!"

Farfesa kuwa, da Ciyaman ya fito daga ruwa ya raɗa masa wata magana, sai ya sanar cewa igiyar awo ta jiƙe, sai ta bushe.

Wani ɗan ɓera ne ya fara zamewa. Uwarsa ta bi shi don ta kamo shi, ba ta dawo ba. Sai zomaye, sai kuregu. Labari ya haura tudu cewa ruwa ya samu, layi ya karye ya kwararo gangare kamar an ɓare buhun gero. Ba wanda ya yi don cin amana. Dabbar da ta yi wata da watanni tana lasar ciyawa, ga ruwa a gabanta ba shamaki, ba ta jin kiran kowa. Tasalla ta yi ta kira har muryarta ta dushe, ta ga ba mai waigowa. Ta ji haushi, ta ji tausayi, ita kanta maƙogwaronta kamar ta haɗiyi toka.

Ya rage daga ita sai 'ya'yanta a bayan Nomau. Manyan biyu suna kallonta, ba su motsa ba don tsoron bakinta. Autan kuwa ya sauko daga bayan yayarsa, ya ja jiki taku kaɗan wajen ruwa, ƙarfinsa ya ƙare, ya kwanta.

"Tasalla," in ji Nomau, bai ko waigo ba, "ɗauki yaron nan ki kai shi."

"Malam, in na tafi ba kowa a bayanka."

"Na saba. Je ki."

Ta ɗauke shi ta gangara, manyan biyu suka bi ta. Ta sa bakinsa a ruwa, ya yi shiru, sannan ta ji ɗan maƙogwaronsa ya fara aiki. Daɗin da ta ji a lokacin ya fi ƙarfin duk wani haushi. Ta tsoma nata bakin ita ma.

Nan take igiyar Farfesa ta bushe. Aka auna layin Gwamna, wanda ya sake haɗuwa a cikin ruwa iya gwiwa. Aka zo bayan Nomau aka auna wutsiyarsa, aka ce ita ma tasa ce, ba ta shiga lissafi. Farfesa ya bayyana cewa Gagarau, da yake ya cika duk sharuɗɗa, shi ne ɗan takarar jam'iyya. Dakta Hansai ta bi 'yan jarida ɗaya bayan ɗaya tana tuna musu cewa bincikenta ya ba Nomau sifiri, kuma sifiri ya samu. Nomau ya je ya taya Gwamna murna, sannan ya gangara ya sha ruwa har cikinsa ya taɓa ƙasa.

Bakin tafki ya zama gidan biki. 'Yan ɓeraye suna iyo, zomaye suna fesa wa juna ruwa, wata tsohuwar gafiya ta rangaɗa guɗa. Autan Tasalla ya sha ya ƙoshi, wani ɗan kurege ya taɓa shi, sai ga shi ya dunƙule tamau, yayyensa suka fashe da dariya.

Gwamna ya hau abin da ya saura na matakala, laka tana ɗiga daga kunnuwansa, ya ɗaga hanci aka yi shiru.

"Ya ku al'ummar Fadamar Kanya! Yau kun nuna wa duniya ƙaunar da ke tsakaninmu. Na ga yadda dubban talakawa suka bar layin adawa da ƙafarsu suka gangaro inda nake, kuma ba zan manta ba. Game da wannan ɓarna da ta faru ga aikinmu abin alfahari, kada hankalin kowa ya tashi. Na ba da umarni a fara gyara gobe da safe. Za mu mayar da gaɓar nan yadda take, har ta fi da tsayi, kuma a wannan karon da dutse za a gina ta, yadda ba za ta sake rushewa ba har abada!"

Manya suka ɗauki tafi. Ƙananan ma da yawa suka taya su, domin kunnuwansu cike suke da ruwa, ba su ji abin da aka ce ba.

Tasalla ta ji. Ta ɗago kai, ruwa yana ɗiga daga haɓarta, ta dubi Gwamna, ta dubi gangaren, ta dubi Nomau da ya lumshe ido a cikin laka. 'Ya'yanta suka matso suna jira, don sun san uwarsu ba ta ganin abu ta yi shiru. Sai ta tura su gaba da hancinta, ɗaya bayan ɗaya, har bakin ruwa.

"Ku ƙara sha," ta ce. "Ku sha da yawa."